Tarihin Justus von Liebig, Yaron da Aka Yi wa Dariya a Aji

A wannan fitowar, a shafinmu na tarihin manyan mutane, na kawo muku labarin wani Bajamushe mai suna Justus von Liebig. Sunan yana da wuyar faɗi, don haka ku ce Libig kawai. Na san wasu za su ce me ya haɗa mu da Baturen da ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. To, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a farkon damina ya ga buhunan takin zamani da aka rubuta wa NPK, kuma wannan mutumin yana cikin waɗanda suka fara bayyana wa duniya abin da shuka take ci. Sannan yayyenmu da suke karatun kemistiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna shiga lacca su saurari malami, daga nan su sa farar riga su shiga ɗakin gwaje-gwaje su yi aikin da hannunsu. Wannan tsarin daga makarantarsa ya bazu.

An haifi Liebig ranar 12 ga Mayu, 1803, a garin Darmstadt na ƙasar Jamus. Wato shekara ɗaya ke nan kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da fenti da kayan rini da wasu sinadarai, kuma yana da ɗan ɗaki inda yake haɗa wasu daga cikin kayan da kansa. A wannan ɗakin yaron ya tashi. Yana zuwa ɗakin karatu na fadar sarkin yankinsu yana aro littattafan kemistiri, ya karanta, ya dawo gida ya gwada abin da ya gani a ciki. Yana kuma yawo wajen masu yin sabulu da majema da marina da maƙera yana kallon yadda suke aiki. Wata rana a kasuwa ya ga wani mai talla yana haɗa abin fashewa na wasan yara da azurfa, sai ya tsaya ya lura da shi sosai, ya koma gida ya yi ta gwadawa har ya iya.

A makaranta kuwa ba ya ƙoƙari. A wancan zamanin abin da ake ɗauka ilimi a Jamus shi ne harshen Latin da na Girka, shi kuma ba sa shiga kansa. Ya ba da labari da kansa bayan ya tsufa cewa wata rana shugaban makarantar ya yi masa faɗa a gaban aji, ya tambaye shi abin da yake tsammanin zai zama, shi kuma ya amsa cewa masanin kemistiri zai zama. Malami da ɗalibai duk suka fashe da dariya, don ba su ɗauki kemistiri wani abin da mutum zai karanta ya ci abinci da shi ba.

Akwai wani abu da ya faru yana ɗan shekara 13, daidai shekaruna yanzu. A 1815 wani dutse mai aman wuta da ake kira Tambora ya fashe a ƙasar Indonesiya, tokarsa ta hau sama ta rage hasken rana. A shekarar 1816 sai sanyi da ruwan sama suka lalata amfanin gona a Turai, abinci ya yi tsada, aka yi yunwa mai tsanani a Jamus. Mu nan ba sai an yi mana bayanin abin da ake nufi da rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna ba. Masu tarihi da yawa suna ganin wannan yunwar da ya gani da idonsa tana cikin abin da ya sa daga baya ya mai da hankali kan noma.

A 1817 ya bar makaranta ba tare da ya gama ba. Aka kai shi koyon aiki wurin wani mai haɗa magunguna a garin Heppenheim, amma bai cika shekara ba ya dawo gida ya ci gaba da taya mahaifinsa aiki. A 1820 ya shiga Jami'ar Bonn wurin wani farfesa mai suna Kastner, da farfesan ya koma Jami'ar Erlangen sai ya bi shi. Abin da ya tarar bai gamsar da shi ba. Malami zai tsaya ya yi ta bayani, wani lokaci ya nuna gwaji ɗaya daga nesa, ɗalibai su rubuta su tashi. Babu mai ba ɗalibi kwalba ya riƙe. Da na karanta wannan wurin sai da na yi murmushi, domin mu ma a darasin kimiyya an zana mana bututun gwaji a allo ya fi sau goma, mun kwafa a littafi mun yi masa kibiya mun rubuta sunansa, amma har yau ban taɓa shi da hannuna ba.

Kastner ya yi masa alheri ɗaya babba, ya taimaka masa ya samu tallafin karatu daga sarkin Hesse, ya tafi birnin Paris na Faransa a 1822. A lokacin Faransa ce kan gaba a wannan ilimi. Can wani babban masani, Gay-Lussac, ya ɗauke shi ya sa shi a ɗakin gwajinsa, suka yi aiki tare a kan irin sinadarin nan mai fashewa da ya fara gani a kasuwa. A nan ya koyi awo na tsanaki, wato a auna abu kafin gwaji, a auna bayan gwaji, a rubuta, a sake maimaitawa. Wani shahararren masani kuma matafiyi, Alexander von Humboldt, ya ga aikinsa ya yaba, ya rubuta wa sarkin Hesse takarda. Da haka aka naɗa shi farfesa a ƙaramar Jami'ar Giessen a watan Mayun 1824, yana da shekara 21. Tsofaffin malaman wurin ba su ji daɗi ba, don ba a shawarce su ba, ga shi kuma yaro ne.

Ɗakin da aka ba shi tsohon ɗakin masu gadi ne na wani barikin soja da aka daina amfani da shi. Kuɗin da jami'a take bayarwa ba sa isa, har yana cire na aljihunsa yana sayen kayan aiki. Babu wutar lantarki, babu iskar gas, da gawayi ake hura wuta. Idan hayaƙi mai guba ya cika ɗakin sai a buɗe ƙofa da tagogi, ko da ana tsananin sanyi, kowa ya fita waje ya jira. A irin wannan wurin ya fara abin da ya sa ake tunawa da shi.

Ga yadda ya tsara karatun. Sabon ɗalibi yana sauraron lacca, amma yawancin yininsa a ɗakin gwaji yake yi, tun safe har yamma. Za a ba shi kwalabe da yawa ɗaya bayan ɗaya, ba a gaya masa abin da ke ciki ba, shi zai gano ta hanyar ɗiga wannan ya ga ko launi ya canza, ya ɗiga wancan ya ga ko wani abu ya kwanta a ƙasa. Idan ya ƙware a gano mene ne a ciki, sai ya wuce zuwa gano nawa ne a ciki, a nan sikeli yake shigowa. Bayan haka sai ya koyi haɗa sinadari da kansa ya tace shi har ya fita tas. Sai ya haye duk waɗannan matakai sannan a ba shi wata tambaya da ba wanda ya san amsarta, ya je ya nemo. Manyan ɗalibai suna koya wa ƙanana, shi kuma Liebig yana zagayawa tebur tebur yana tambayar kowa abin da ya samu jiya da abin da yake shirin yi yau. Gaskiya ba shi ne mutum na farko da ya taɓa barin ɗalibai su yi gwaji ba, akwai wasu kafin shi a Jamus da wasu ƙasashe. Amma nasa ne ya yi ƙarfi ya haifi 'ya'ya, har jami'o'in Ingila da Amurka suka kwaikwaya.

Wani zai ce gano abin da ke cikin kwalba ai wasa ne. Mu 'yan Zamfara bai kamata mu faɗi haka ba. A shekarar 2010 yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, fiye da 400, iyaye ba su san dalili ba. Sai da aka ɗebi jinin yaran da ƙasar tsakar gidajen aka auna, sannan aka tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Waɗanda suka yi wannan awon, tambayoyin nan biyu suka amsa, mene ne a ciki, kuma nawa ne.

A 1831 Liebig ya ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin kayan aiki na gilashi mai ƙululu biyar, kamar an jera ƙananan goruna biyar an haɗa su da bututu. Wannan shi ya fi burge ni, don haka bari in yi bayaninsa yadda na fahimta. Abubuwa irin su sukari da mai da kitse yawanci kabon ne da haidirojin da oksijin. Idan aka ƙona su ƙurmus, kabon ɗin yana zama iskar kabon-dayoksaid, haidirojin kuma ya zama tururin ruwa. Sai Liebig ya auna abin da zai ƙona, ya sa shi a dogon bututun gilashi a kan garwashi. Hayaƙin zai fara bi ta wani bututu mai ɗauke da gishirin da ke shanye ruwa, daga nan ya ratsa ƙululun nan biyar da aka zuba wa ruwan fotash, wanda ɗan uwan ruwan tokar da iyayenmu suke tacewa ne amma ya fi shi ƙarfi nesa. Ruwan fotash ɗin yana kama iskar ya riƙe. Idan an gama sai a sake auna bututun da ƙululun a ga nauyin da suka ƙara. Sauran lissafi ne. A cikin kowane giram 44 na kabon-dayoksaid akwai giram 12 na kabon, a cikin kowane giram 18 na ruwa akwai giram 2 na haidirojin. Ke nan idan ƙululun sun ƙara giram 2.2, kabon ɗin da ke cikin abin da aka ƙona giram 0.6 ne. Na yi wannan lissafin da kaina sau biyu kafin in rubuta. Da wannan kayan, aikin da a da sai babban gwani yake iyawa ya zama ɗalibi mai natsuwa ma zai yi. Har yanzu hoton ƙululun biyar yana cikin tambarin ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka.

Liebig mutum ne mai zafin rai da son gardama, kuma ya ɓata da mutane da yawa saboda kaifin alƙalaminsa. Amma wata gardamar ta samo masa babban amininsa. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya auna wani gishirin azurfa wanda ba ya fashewa, ya samu sinadarai iri ɗaya da adadi ɗaya da wanda Liebig ya samu a nasa mai fashewa. Liebig ya ce Wöhler ya yi kuskure. Da ya sake gwajin da kansa sai ya ga Wöhler yana da gaskiya, shi ma kuma yana da gaskiya, ya fito ya amsa. Ashe kaya iri ɗaya suna iya ba da abu biyu daban idan jerinsu ya bambanta. Ku duba kalmomin riga da gari da gira. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, amma ba wanda zai sa gari a jikinsa. Daga nan suka zama abokai har mutuwa ta raba. A 1832 matar Wöhler ta mutu, sai Liebig ya kira shi Giessen don aiki ya ɗauke masa hankali, suka yi wani bincike tare wanda ya shahara. Wöhler ɗin nan shi ne a 1828 ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, sinadarin da ke cikin farin takin nan mai kama da sukari da ake zuba wa masara.

Akwai kuma kuskuren da ya yi wanda bai taɓa mantawa ba. An taɓa aiko masa da wani jan ruwa mai wari daga wurin da ake dafa gishiri. Bai tsaya ya auna da kyau ba, ya yi zaton ya san ko mene ne, ya liƙa masa suna ya ajiye. A 1826 wani matashi Bafaranshe mai suna Balard ya sanar da gano sabon sinadari, buromin. Liebig ya ɗauko kwalbarsa ya duba, ashe shi ne a hannunsa tun tuni. Sai ya ajiye kwalbar a wani kabad da ya ware don kurakuransa.

Ɗalibai fiye da 700 ne suka bi ta hannunsa a Giessen, daga ƙasashe daban-daban. Wani mai suna Kekulé ya zo ne don karatun zanen gine-gine, ya shiga laccar Liebig, daga nan ya sauya hanya ya zama babban masanin kemistiri. Wani kuma, Hofmann, ya tafi Landan a 1845 ya shugabanci sabuwar kwalejin kemistiri. Ɗalibin Hofmann, Perkin, yana ɗan shekara 18 a 1856 yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu rini mai launin shunayya maimakon magani. Ɗalibin Kekulé kuma, Baeyer, shi ya gano yadda ake haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, har kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Wannan bai yi wa manoman baba daɗi ba, musamman a Indiya. Marinar Ƙofar Mata ta Kano dai tana nan har gobe.

A 1840 ya fitar da littafinsa kan kemistiri da noma. Kafin lokacin mutane da yawa sun ɗauka shuka tana cin ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ƙasa ne kai tsaye. Liebig ya ce kabon ɗin shuka daga iska yake zuwa, daga ƙasa kuma tana shan sinadarai irin su fosfaras da fotashiyam, kuma duk buhun hatsin da aka kwashe daga gona an kwashe wani abu daga ƙasar, idan ba a mayar ba gona za ta gaji. Ya kuma yaɗa wata ƙa'ida wadda wani masani, Carl Sprengel, ya riga shi faɗa, cewa abin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke yanke yawan amfanin gona. Kamar duro ne mai huda uku a gefe. Komai yawan ruwan da ka zuba, a bakin hudar da ta fi kusa da ƙasa zai tsaya, toshe na sama ba zai ƙara komai ba.

Sai dai a nan ma ya yi tuntuɓe, kuma babba. Ya dage cewa shuka tana samun isasshen naitirojin daga iska da ruwan sama, ba sai an ƙara mata ba. A 1845 ya haɗa takinsa aka fara sayarwa a Ingila, kuma don tsoron kada ruwan sama ya wanke shi, ya yi shi yadda ba ya narkewa da sauri. To abin da bai narke ba, ta yaya saiwa za ta sha? Manoma suka saya suka zuba, ba su ga komai ba. Wasu Turawan Ingila biyu, Lawes da Gilbert, suka yi ta gwaji a gonar Rothamsted shekara da shekaru, suka nuna cewa alkama tana buƙatar takin naitirojin ƙwarai. Abin mamaki, Gilbert ɗin tsohon ɗalibinsa ne. An daɗe ana cacar baki kafin Liebig ya gane inda takinsa ya gaza ya kuma faɗa a rubuce. A ganina da ya fara gwada takin a gona kamar yadda yake tilasta wa ɗalibansa su gwada komai a ɗakin gwaji, da bai jawo wa manoma asara ba. Sai bayan mutuwarsa, wajen 1886, aka tabbatar cewa wake da danginsa suna da ƙananan ƙululu a saiwarsu inda wasu ƙwayoyin halitta suke kamo naitirojin daga iska. Manomanmu kuwa sun daɗe suna shuka wake a tsakanin gero.

A 1845 aka ba shi sarautar girmamawa, daga nan ne aka ƙara von a sunansa. A 1852 Sarkin Bavaria, Maximilian na Biyu, ya gayyace shi Jami'ar Munik. Ya gaji da tsayuwa kan ɗalibai, don haka a can lacca da rubuce-rubuce ya fi yi. Ya fito da hanyar dafa nama a tace romonsa har ya yi kauri a zuba a kwalba, aka kafa kamfani da sunansa a 1865, da masana'anta a Fray Bentos ta ƙasar Urugwai inda shanu suke da araha. Ya ɗauka wannan romon zai maye wa talaka gurbin nama, daga baya aka gano ɗanɗano ya fi yawa a cikinsa, abin gina jiki kaɗan ne. Ya haɗa abincin jarirai don waɗanda ba su samu nonon uwa ba. Shi ne kuma ya gano yadda ake shafa azurfa a bayan gilashi a yi madubi, maimakon zaiba mai guba da take sa ma'aikata ciwo.

Ya auri Henriette Moldenhauer a 1826, suka haifi 'ya'ya biyar. Ya mutu a Munik ranar 18 ga Afrilu, 1873, saura 'yan makonni ya cika shekara 70, wato shekara 30 kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato. Yanzu jami'ar Giessen sunansa take amsawa, tsohon ɗakin masu gadin nan kuma an mai da shi gidan tarihi, mutane suna zuwa suna ganin murhunan da teburan.

Bayan na gama haɗa wannan tarihin na tambayi malaminmu na kimiyya ko akwai gwajin da za mu iya yi ba tare da kayan Turawa ba. Ya ce in jiƙa zoɓo in tace, in raba ruwan a kofi uku masu haske, in matsa lemun tsami a na farko, in zuba ruwan kanwa a na biyu, na uku in bar shi yadda yake don kwatantawa. Na yi a gida ranar Asabar. Na lemun tsami ya ƙara ja ya yi haske, na kanwa ya juye ya yi duhu yana neman komawa kore. Innata ta yi mini faɗan ɓarnar kanwa. Ban gwada ruwan toka da sabulu da tsamiya ba tukuna, su zan kawo taron kulob na mako mai zuwa in Allah ya kai mu, duk mai zuwa ya taho da kofi mai haske da biro.